Mangwaron da Aka Dasa Sau Biyu

Jikokin Illo suna da garka mafi girma a bakin gulbi ta wajen Kirkissoye, kuma in ka ji su suna maganar asalinsu sai ka rantse kakan nasu bisa doki ya shigo Yamai. Ni na san shi. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Tawa lokacin farin shekarar saba'in da uku, shi da matarsa Hadizatu da ɗiyarsu Balkisa, bayan awakinsu sun ƙare.

Wani tsoho Bazabarme, Isaka, shi ya ara masa fili. Sharaɗin aro kowa ya san shi a nan: ka noma abin da kake so, ka kai wa mai ƙasa dami in an yi girbi, amma kada ka dasa itace. Itace ba ya tashi da kaka, don haka wanda ya dasa kamar ya ce wurin nasa ne. Illo ya kiyaye, ya yi ta noman salati da albasa, bai taɓa saɓawa ba.

Sai fari ya komo a tamanin da huɗu. Lokacin mulkin soja ne, ana kwasar waɗanda yunwa ta koro a kamyo, manyan motocin kaya, ana mai da su garuruwansu, kuma wanda ba shi da wurin zama shi ake fara ɗauka. Ranar bikin dashen itatuwa 'yan samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, suka bi garake suna raba dashen mangwaro, aka ce kowa ya dasa, 'yan gandun daji za su zo dubawa. Illo mutum ne mai tsoron kaki, ko ɗan sanda ya gani sai ya sake hanya. Ya karɓa, ya dasa, bai je ya gaya wa Isaka ba. Wannan wautar ta kusa cinye shi.

Abdulaye, babban ɗan Isaka, ya zo ya ga ɗanyen dashe, ya ce ashe haka baƙo yake cin ƙasar mutane. Ko Illo ya tumɓuke kafin Juma'a, ko ya kwashe nasa ya nasa. Illo ya rasa inda zai sa kansa. In ya tumɓuke, 'yan gandun daji su kama shi. In ya bari, a kore shi, kamyo kuwa na jira. Hadizatu ta ɗaure kayansu ta ajiye bakin ƙofa. Na ga Illo a kwanakin nan, ya rame, yana ban ruwa, na ji tausayinsa ƙwarai.

Ranar Juma'a da hantsi duka suka haɗu a garkar, har da ɗan gandun daji da ya zo zagaye. Isaka ya iso yana dogara sanda, bai gai da kowa ba. Ya duƙa a gaban mai kakin ya fizge dashen har saiwa. Mai kakin ya matso, ya tambayi wa ya ba shi izini.

Tsohon bai ko dube shi ba. Ya tona ramin da hannunsa, ya mai da dashen, ya danne ƙasa. Sannan ya ce, "Ƙasata ce, ni na dasa. Kun gani, ku shaida." Ya juya wajen Illo. "Kai kuma, ɗana, ba shi ruwa."

Mai kakin ya ga itace a tsaye, ya wuce. Abdulaye bai so ba, amma tunda ubansa ne ya dasa, ba sauran zancen baƙo ya ci ƙasa. Illo ya ɗauki bokiti ya nufi gulbi, sai da ya kai bakin ruwa ya zauna ya yi kuka. Shekarar da gulbin ya janye har ana ƙetarawa da ƙafa, a ka ya riƙa ɗauko ruwa daga nesa, mangwaron bai mutu ba.

Daga baya Balkisa ta yi ƙarfi da sayar da albasa a kasuwar Katako, ta sayi filin daga hannun magadan Isaka, ta ƙara da na maƙwabta. Aka gaya wa Illo yanzu komai nasa ne, ya ce ya ji. Amma duk shekara in mangwaron nan ya nuna, ba ya bari a taɓa. Sai ya sa rigarsa, ya tafi gidan Isaka, wanda ya daɗe da rasuwa, ya tsaya a zaure ya nemi izinin tsinka.