Mijinyawa Magini da Ɗakin da Ba Ya Numfashi

Kafin Turawa su sauke tutarsu, Mijinyawa magini ya gina ɗaki arba'in da ɗaya a Dakoro, ban da rumbuna. A Maradi ya koyi aikin wajen ƙanen ubansa, sannan ya biyo fataken hatsi arewa tun garin bai wuce bukkoki da 'yan soraye ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Abu biyu aka san shi da su: ɗakinsa ba ya yoyo, bakinsa ba ya gajiya da tambaya. Don me gara ke cin wannan azara ta bar waccan? Don me geron rumbun kan tudu ya fi na kwari daɗewa? In ya kama ka a ƙofar masallaci, furarka sai ta yi tsami kafin ka isa gida.

Alfaharinsa ɗaki mai kaurin bango, tubali uku a jere, ƙofa guda ƙanƙanuwa, ba kafa ko ta allura. Mutane na cewa ɗakin Mijinyawa ko sauro sai ya yi sallama. Shi kuwa in ya ji, sai ya shafa gemu.

Shekara ta uku da samun mulkin kai, da bazara, ƙyanda ta shigo gari. Mata ba su kiran sunanta, baƙon dauro suke cewa, don kada ta ji ta yi fushi. Ta kama gida tara a unguwarsu, na goma shi ne na Mijinyawa. Autansa Bubakar, ɗan shekara shida, ya kwanta da zazzaɓi, idanu jajur. Uwar yaran ta rasu tuntuni, yayar Mijinyawa ce, Goggo Aisata, ke riƙe da gidan, kuma ta san abin da ake yi wa baƙon. Ta sa yaron a ɗaki, ta saki tufaniya, ta cusa tsummoki a gefen ƙofa. Ai in iska ta taɓa mai ƙyanda, ƙurajen sai su koma ciki, daga nan sai abin da Allah ya yi.

Mijinyawa ya tafi likita, asibitin garin, karɓo maganin ido. Majo Badaru, babban mai jinya na wurin, yana fama da layin mata har bakin titi, amma magini bai iya haɗiye tambayarsa ba.

"Majo, abin nan ba shi da ƙafa. Ƙaƙa yake bi gida gida?"

"A numfashi take fita, Baba, da tari," in ji majo, yana ɗiga wa wata yarinya magani. "Ido ba ya ganinta. In ɗaki a rufe yake, sai ta tsaya ciki kamar hayaƙi. Wanda bai taɓa yi ba kada ya shiga, balle jinjiri. Ku bar iska ta ratsa. Mai bi!"

Kamar hayaƙi. Mijinyawa ya taho yana juya maganar. Cuta bai santa ba, amma hayaƙi ya san shi. Ya ga yadda yake sulalewa ta jinkar bukka, ya ga yadda yake baƙanta azara a soro. To, a ɗakin da ya gina, ta ina zai fita?

Bai gama tunanin ba ya tarar da jaki a ƙofar gida. 'Yarsa Furera ce ta iso daga ƙauyen Mai Yara. Ta ji ƙanenta na kwance ta taho dubiya, ga Sa'adu a bayanta, ɗan wata tara, jikansa na farko, wanda ko mura bai taɓa yi ba. Har ta tuɓe takalma a bakin ɗakin, Goggo Aisata na ɗaga mata tufaniya.

Furera 'yar fari ce, don haka tun da aka haife ta Mijinyawa bai taɓa kiran sunanta ba. Sai ya ruga ya tsaya a ƙofar, ya buɗe hannuwa.

"Ke! Dakata."

"Baba, lahiya?"

"Kauce, Mijinyawa," in ji Goggo Aisata. "Yarinya ta sha rana tun daga Mai Yara, ka hana ta ganin ɗan'uwanta? Ina aka taɓa dubiya daga tsakar gida? Kuma ɗakin nan ya fi ko'ina sanyi, nan za su sauka. Angona ba ya kwana a rumfa kamar akuya."

"Yaya, angon naki nake ji. Ba ni aron ɗakinki ki gani."

Ɗakinta da na Bubakar tare ya gina su, faɗi ɗaya, tsawo ɗaya. Ya zuba busasshen kashin shanu a kasko, ya sa garwashi, ya ajiye a tsakiyar ɗakin yayar, ya saki tufaniya. Da hayaƙi ya cika, ya fitar da kaskon ya sake rufewa. Suka zauna a rumfa aka sha ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutanen Mai Yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce Goggo ta leƙa. Ta sa kai, ta fito tana tari, hawaye na zuba.

"Ka ɓata mini tuhwahi, ga abin da na gani!"

"Wutar ta fita tun ɗazu, Yaya, amma hayaƙin na nan. Majo ya ce haka numfashin mai ciwo ke zama."

Shi kansa abin ya ba shi mamaki, bai zaci zai daɗe haka ba. Ya ɗauko dagi ya hau turmi, ya huda bangon gabas can ƙarƙashin azara, kafa mai faɗin tafin hannu. Goggo ta ɗora hannu a ka, tana kiran sunan uwarsu. Ya sauko ya zuba ido. Hayaƙin ya ɗan leƙo, ya tsaya kamar baƙo mai kunya.

"To, malam mai dagi, sai mi?"

Mijinyawa ya sosa ƙeya. Don me ya ƙi fita? Sai ya tuna da tulu: in ka kife shi a ruwa ba ya cika, don iskar da ke ciki ba ta sami hanya ba. Ya zaga ya huda ta biyu a bangon yamma, daidai da ta farko, ya naɗe gindin tufaniya taƙi guda. Nan take hayaƙi ya miƙe ta kafar yamma siriri kamar zare, har Furera ta yi dariya ta nuna wa Sa'adu.

Goggo Aisata ba ta yi dariya ba. "Naka ya fita. Nawa fa? Iskar da ta kore shi ita za ta bugi Bubakar."

Mijinyawa shi ma yana tsoron abin, da shi aka rene shi. Goggo ce ta tashi ta ɗauko kwandon kaɗinta, ta tsinko sefaffiyar auduga, ta shiga ɗakin nata ta ajiye a ƙasa, inda kan mutum zai kasance in ya kwanta. Suka durƙusa su biyu, tsoho da tsohuwa, suna kallon auduga. Ba ta motsa ba. Ta ɗaure wata a kan sanda ta ɗaga kusa da kafar, sai ga ta tana rawa.

"Sama take bi," ta ce a hankali. Ta sake gwadawa sau uku. "To, huda. Amma audugata na nan kusa da kanshi. Ran da ta motsa, da hannuna zan liƙe, in haɗa da bakinka."

Ya huda ɗakin Bubakar kafa biyu. Furera ta yi ƙyanda tun tana ƙarama, don haka ta kwance goyo ta shiga ita kaɗai, ta zauna da ƙanenta. Sa'adu ya zauna a cinyar kakansa a rumfar da ke can ƙarshen gida, yana jan gemu.

"Sake ni, ɗan ƙwal uba," in ji Mijinyawa. "Na huda ɗaki biyu dominka, ko na gode babu."

Kwana biyu Furera ta yi, a rumfar suka sauka, jinjirin bai kusanci ƙofar ba. Ta koma Mai Yara. Ƙurajen Bubakar suka fito sarai, suka bushe, ya tashi yana neman tuwo. Amma majo ya ce cutar kan ɓuya a jiki kusan mako biyu kafin ta nuna, don haka Mijinyawa bai sami sukuni ba. Duk wanda ya gani daga wajen Mai Yara sai ya tare shi.

A kasuwa ta uku mijin Furera ya zo sayar da wake. Ya durƙusa ya gai da surukinsa, ya ce yaro lafiya lau, ko ɗumi jikinsa bai yi ba, har ya fara kama bango yana tsayawa.

Goggo Aisata ta ce rubutun da ta sa aka shafa wa jinjirin ne. Mijinyawa bai musa ba. Yana son ya san rabon kowa a ciki, na kafofin nawa, na rumfar nawa, amma ba shi da jika na biyu da zai gwada da shi, kuma ko yana da shi ba zai gwada ba. Ɗaki ashirin da shida ya ƙara ginawa kafin ƙarfinsa ya ƙare, kowanne da kafa biyu a ƙarƙashin azara. Masu gidajen da yawa sun toshe su da tsumma saboda ƙadangaru. Sa'adu bai yi ƙyanda ba har shekarar da masu allurar rigakafi suka iso Mai Yara da mota, aka yi masa a dantse, ya tsala ihu, uwarsa ta goya shi suka tafi gida.