Ƙarshen Fim Ɗin da Baba Sale Ya Ba Mu

Da safen nan aka kira ni daga Aujara. Baba Sale mai bidiyo ya rasu.

Na ce innalillahi, na ajiye waya, na ƙarasa shayina. Har yanzu ban ji komai a raina ba.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Farkon zaman Dutse babban birnin jiha, shi ke da gidan kallo a Yalwawa. Rumfar kwano ce, da benci, da talabijin ɗaya, da janareta mai tari. Yana jin kiran magariba yake kashewa, ko da jarumi na rataye a bakin rami. 'Yan mata ba sa shiga, sai ya karkata musu talabijin wajen taga.

Akwai wani fim na Turawa da muka fi so. Yara uku da karensu sun shiga daji neman mahaifinsu da jirgi ya faɗi da shi. Kullum daf da ƙarshe hoton yake ɗaukewa. Baba Sale ya ce inji ne ya tauna kaset ɗin. Sai ya tsaya gaban talabijin ya ƙarasa mana da baki: sun same shi a wata bukka, ya rame, gemu har ƙirji, amma da ransa. Mu yi ta tafi.

Ni ne na ɗaya a Turanci a ajinmu. Na yi digiri, na yi shekaru ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, aka sallame ni da takardar yabo. Shi kuwa da aka kawo shari'a aka fara maganar rufe gidajen kallo, bai jira kowa ba. Ya rufe, ya koma gona a Aujara.

Bara aka sake yin fim ɗin, sabo fil. 'Yata Hauwa ta sa mana a waya. Dajin ya yi kyau har ya zama ƙarya. Na daure, don in ga bukkar nan da idona.

Babu bukka. Kabarin mahaifin nasu suka tarar.

Na ce sun ɓata labari. Hauwa ta nemo tsohon fim ɗin, ta ce, “Baba, shi ma haka ya ƙare.”

Da kaka na je Aujara. Na sami Baba Sale a zaure yana ɓarar gyaɗa, idonsa ya yi rauni. Na ce, “Baba, ashe kaset ɗin nan ƙarya ya sa ka yi mana.”

Ya yi dariya. “Wane kaset? Reza na sa masa.”

Na ce, “Don me?”

“Kai da ƙanenka kuna bencin gaba kullum. Mahaifinku ya bi motar shanu Kudu, shiru, ba shi ba labarinsa. In nuna muku kabari? Haba, ɗan boko.”

Na ce masa saboda bukkar nan na daɗe ina zuwa tasha duba motocin Kudu. Har na shiga jami'a ban daina ba.

Ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa. Can ya ce, “To, ban san haka ba. Ci gyaɗa.”

Na ci. Muka koma maganar taki.

Mahaifinmu bai dawo ba. Har yau ban iya cewa alheri Baba Sale ya yi mini ko akasinsa. Abin da na sani, a duk unguwar nan shi kaɗai ya lura da inda yara biyu suke zama.

Allah Ya gafarta masa. Idan da laifi a abin da ya yanke, ni na yafe nawa. Allah Ya sa nasa ƙarshen ya fi wanda ya ba mu kyau.

Wanda ya taɓa zama a bencin nan, da wanda bai taɓa ba, ku sa shi a addu'a. Ku haɗa da mahaifina, Malam Idi, duk inda yake kwance.