Ba hawan jini ne ya kashe Nafi'u ba

Da safen nan ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki, Anti Rabi, yayar Nafi'u, ta kira ni daga Kadawa. Nafi'u ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin ta ajiye waya ta ce, "Hadiza, na san halinki da rubutu. Don Allah ki ce hawan jini ne. Kar a yi ta yawo da shi a gari."

Anti, ki yafe min. Ba zan iya ba.

Ajinmu ɗaya da shi a jami'a, muna karatun haɗa magunguna. Da ba don shi ba da na faɗi jarrabawar jijiyoyi. Shi ya zaunar da ni a kan benci, ya sayo min gyaɗa, ya ce, "Malama, akwai jijiyoyin da ba sa neman izininki. Su ke kula da bugun zuciya, da yawu, da gumi. Jijiya ta aiko saƙo, saƙon ya ƙwanƙwasa ƙofa, gaɓa ta amsa, sai mai shara ya zo ya kwashe shi. Ƙofar ita ce risefta. Maganin ƙwarin da ake feshi a gona kuwa, mai sharan yake kamawa ya ɗaure. Sai saƙo ya taru a ƙofa, ya yi ta bugu ba hutawa, har mutum ya nutse a cikin ruwan ƙirjinsa."

Na ce, to maganin fa? Ya ce allurar atrofin, ita ke tsayawa ta tare ƙofar.

Da muka gama, mu muka tsaya Kano muna neman ofis mai sanyi. Shi ya koma gida ya buɗe kemis, yana noman tumatir a gefe. Duk ranar kasuwar Bunkure sai ya tara manoma ya yi musu wannan bayanin kyauta: a rufe hanci, a sa safar hannu, wanda ya sha guba kada a ɗura masa komai, a ruga da shi asibiti.

Ganinmu na ƙarshe a bakin kanal ɗin ban-ruwa ne, ya tsayar da motata ya cusa min kwandon tumatir a but. Na ce, "Nafi'u, rigarka warin magani take yi."

Ya yi dariya. "Yau kuma ɗaliba ce za ta koya wa malami?"

Na ce ba wasa nake ba.

Ya ce, "To na ji, Malama. Na yi miki alkawari zan kiyaye."

Jiya da hantsi yana feshi a gonarsa, bakin famfon feshin ya toshe. Sai ya kwance shi, ya sa a baki ya hura, kamar yadda kowa yake yi a fadamar. Mutumin da ya fi kowa maki a wannan darasin.

Da ya faɗi, yawu na zuba, gumi ya jiƙe shi, ƙwayar idonsa ta tsuke, maƙwabtan gonarsa suka taru a kansa. Su ne masu zama a sahun gaba in yana bayani, masu cewa "Allah ya ƙara basira, Dakta." Suka kwantar da shi a inuwa suka ɗura masa manja. Da bai tashi ba aka karɓo nono a ruga aka ƙara masa. Sai bayan azahar wani ya tuna akwai asibiti.

Na san ƙauna ce ta sa su. Na san kwana ya ƙare. Amma haushinka nake ji, Nafi'u. Ka yi min alkawari ido da ido, kuma na yarda, ni da ba na yarda da kowa.

Anti Rabi tana so a rufa maka asiri. Sai dai tsutsa ba ta bar tumatir ba, kuma an ce min ƙaninka Sadisu ne zai ƙarasa feshin da zarar an tashi daga zaman makoki, da wannan famfon. In aka ce masa hawan jini ne, shi ma zai hura.

Sadisu, na san kana karanta ni. Guba ce ta kashe yayanka.

Allah ya jiƙan Nafi'u, ya yafe masa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi kabari da haske, ya raya 'ya'yansa. Ni kuma ya sanyaya min zuciya, don har yanzu ban huce ba.

Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Wanda yake da ɗan'uwa mai feshi, ya kira shi yau.