Moton da 'yata ta ƙi hawa

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Talladjé, 'yata ta fari ta shiga aji ɗaya, ni kuma ina goyon ƙanenta ɗan wata huɗu. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba. Lakwal ɗin, wato makarantarsu, da nisa, don haka kullum da safe sai mu fita bakin gudoro, titin kwalta, mu tari kabu-kabu.

Nan matsalar ta fara. Moto zai tsaya, yarinya ta zagaya bayansa, sai ko ta hau da murna, ko ta ƙanƙame zanena ta ce ba ta hawa. Wata rana sai mun sallami uku kafin ta yarda da na huɗu. Muka yi ta makara, har metiras ɗinsu, malamar ajin, ta kira ni gefe ta ce, “Madam, yara da yawa suna jiran wuri. In haka ta ci gaba, sai dai ku bari sai baɗi.”

Ni da na bar karatu tun aji uku, ba abin da nake tsoro kamar ita ma ta bari. Sai na zama 'yar bincike. Na ce ko launi ne, amma ta hau ja yau, gobe ta ƙi ja. Na ce ko ƙira ce. Na bi masu moto da tambaya har na san ɗan Sin da ɗan Indiya, na san mai doguwar kujera da mai ƙaramin tanki, na san tsohon ɗan Japan daga ƙararsa tun bai ɓullo kwana ba. Wani makanike a Wadata ya ce mini, “Hajiya, ke saya za ki yi ko gareji za ki buɗe?” Duk a banza, ta hau kowane iri, ta ƙi kowane iri. Mahaifiyata ta aiko da rubutu, likita ya duba ta ya ce lafiyarta lau.

Wani dattijo mai kabu-kabu ne ya gano. Ta ƙi motonsa sau biyu, a na uku sai ya kashe inji ya durƙusa gabanta.

“Amaryata, me motona ya yi miki? Ko tsufana ne ba ki so?”

Ta nuna lambar da ke baya. “Ƙarshenta bakwai ne.”

“To, bakwai ya cuce ki?”

Sai ta buɗe yatsunta bakwai, ta riƙa haɗa su biyu-biyu kamar yadda aka koya musu da tsakuwa. Ɗaya ya rage a tsaye. Ta ce, “Wannan ba shi da aboki. In shida ne ko takwas, kowa da nasa.”

Dattijon ya yi dariya, ni ma na fara, sai ta ƙara da cewa, ba tare da ta dube ni ba, “Kamar a gida. Baba da motarsa, Mama da jariri.”

Ban san sa'ad da na tsuguna cikin rairayin nan ba. Na kama yatsan da ya rage, na haɗa shi da nawa. Na ce, “Duk wanda ya rage, nawa ne. Kin ji?” Ta daɗe tana kallon yatsun biyu, sannan ta ce, “To yanzu takwas ne.” Ta hau. Da muka isa ƙofar lakwal, dattijon ya ce mini, “'Yata, ki riƙa ba ta cinya ko da minti biyar ne.”

Daga ranar ba mu sake makara ba. Na kuma riƙa kwantar da ƙanenta bayan la'asar, mu zauna ni da ita kaɗai, tana koya mini lissafin da ban samu ba.

Yanzu tana kolej, ta ce ba ta tuna komai, har kunya take ji in na ba da labarin. Ni kuwa abin da ke tsaya mini a rai shi ne, wata biyu ina yawo da tambaya, na tambayi makanike, na tambayi likita, na tambayi mahaifiyata. Ita da hannunta ke cikin nawa kullum da safe, ban taɓa tambayarta ba.