Baba Sule Ya Zauna a Kan Sarƙar Katafila

Ina durƙushe a gindin 'yar katafilata a gonarmu ta Makoda, hannu duk giris, sai ga Baba Sule, maƙwabcinmu na gona.

Tsohuwar sarƙar ce ta cinye, na ce da kaina zan canza. Na shimfiɗa sabuwar a ƙasa don katafilar ta hau kanta. Ashe ta miƙe sak tana kallon ciyawar gambar da ta raba gonarmu da tasa.

Dattijo bai ko yi sallama ba, ya zauna daram a kan sarƙar.

Na ce, "Baba, gyara kawai nake yi."

Ya ce, "Haka aka ce wa yayana. Katafila ta kwana a bakin gonarsa wai ana gyara, yau wurin duk fulotai ne. Wa ya turo ka?"

Na rantse, ko gezau. Sai da na ja sarƙar nan mai nauyin tsiya ta koma baya, tana kallon gerona, sannan ya tashi. Kuma bai tafi ba, a kan iyakar ya zauna har na gama.

Wallahi na kasa jin haushinsa. Ku da gonarku ce, rantsuwata za ta ishe ku?