Kawu a Ɗakin Banda

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce a Yelwa, da 'yar kyamarar da nake ratayawa a wuya. Wata shekara, ruwan babban tafkin yankinmu ya fara ja da baya, sai wani abokina da muka yi sakandare tare ya kira ni daga Kaduna. Yana aiki da masu shirya fim, an ba shi manyan kyamarori biyu ya gwada, a ga wadda za a ɗauki fim ɗin masunta da ita. Ya ce wuri yake nema mai hasken rana da duhu a haɗe. Na ce ya taho kawai, ɗakin bandar Inna ya ishe shi.

Inna, mahaifiyata, a wani ƙauyen masunta kusa da Wara take zaune, tana bandar kifi. Ɗakin da take aikin hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin, ko da tsakar rana ka shiga sai ka lalubi bango. Daga bayansa kuwa tafki ne yake ƙyalli har idonka ya yi ruwa.

A mota abokina ya yi mini karatu. Wai ba gilashin gaba ake gwadawa ba, wani ɗan faranti ne a can ciki wanda bai kai akwatin ashana ba, suna kiransa sensa. A kansa haske yake sauka. Mai kyau shi ne wanda zai riƙe hasken ruwa bai ƙone fari fat ba, kuma ya ga abin da ke cikin inuwa ba tare da hoton ya cika da yashi-yashi ba. Na yi ta gyaɗa kai kamar na daɗe da sani.

Da hantsi muka kafa kyamarorin kafaɗa da kafaɗa a tsakar gida. Rabin hoton tafki, rabi ƙofar ɗakin banda. Muka zaunar da Inna a bakin ƙofa, muka ba ta wani allo mai gidajen launuka, na auna launin hoto, ta riƙe.

Ta juya shi gaba da baya. "Wanga allo na mi ne? Ba rubutu, ba komi."

"Riƙewa kawai za ki yi, Inna."

"Kuma aiki ke nan da aka biyan mutum? To, Allah shi kyauta."

Ta zauna ƙiƙam kamar mai hoton katin zaɓe har muka gama.

Bayan azahar muka shiga zaure muka buɗe kwamfuta. Hoton ya fito dishi-dishi kamar an wanke shi da toka. Abokina ya ce haka ɗanyensa yake, sai an gyara. Ya fara da kyamara ta farko, ya kama wani ɗan maɓalli yana ja a hankali don ya ɗago duhun ƙofar. Baƙin ya fara washewa. Ga ragar banda, ga tarwaɗa jere a kanta. Sai kuma ga wani abu mai hula a tsugune a lungu, hannunsa yana zuwa raga yana komawa baki.

Abokina ya ce, "Akwai mutum a ɗakin nan?"

Na matsa kusa. Hular na fara ganewa. Kawu ne, yayan Inna.

Sai an san Kawu za a gane girman abin. Tun ina yaro yake shelanta cewa shi bai taɓa sa banda a bakinsa ba. Wai abincin mutanen tudu ne, waɗanda ba su san ɗanyen kifi ba. Ko a miya ya ji ƙamshinta sai ya ture kwano ya yi wa gida duka wa'azi. Ashe ta ƙofar baya ya shigo, ya ga Inna ta ba shi baya, mu kuma muna cikin rana, ya tabbata ba mai ganinsa.

Abokina mutum ne mai kunya, ya ce mu wuce wurin. Ni kuwa na riga na kai tsakar gida ina kiran Inna da matan da ke taya ta fiɗar kifi. Suka cika zaure da wuƙaƙensu a hannu. Na karɓi kwamfutar, na mayar da ƙofar baƙa, sannan na ja maɓallin. Kawu ya bayyana. Na mayar, ya ɓace. Na sake ja, ga shi yana suɗe yatsa. Wata tsohuwa ta yi ta dariya har ta zame daga kan turmi. Inna ba ta yi dariya ba, ƙirga take yi.

"Ukku," in ji ta. "Kuma manya ya zaɓa."

Ana cikin haka Kawu ya yi sallama. Ya dubi hoton ya daɗe, fuskarsa ko gezau.

"Wa ke nan?"

Inna ta ce, "Yaya, ai mu ma tambayar da muka yi ke nan."

Ya juya ga abokina. "Kai ɗan birni, hwaɗa mini gaskiya. Wanga abu da ke yawo bisa hoton kamar ƙudan zuma, mi ne ne?"

Abokina ya gyara zama ya yi bayani tsakaninsa da Allah, cewa idan aka matsa wa sensa ya ga cikin duhu fiye da ƙarfinsa, sai ya fara ƙirƙiro ɗige-ɗigen da babu su a wurin.

Kawu ya ɗaga hannu. "Kun ji ko? Da bakinsa ya ce na'ura tana ƙirƙiro abin da babu. To, ni ma ƙirƙiro ni ta yi."

Har ya juya zai fita da nasararsa, na ce, "Kawu, dakata, ai kyamarorin biyu ne."

Na buɗe hoton ta biyu na ja maɓallin. Wannan ba yashi ko ɗaya. Ana ganin zanen hularsa, da tsagar kumatunsa, da maiƙo yana ƙyalli a gemunsa, har da ƙayar da ya zare ya ajiye a gwiwa. Abokina ya manta da kunya, ya tafa hannu yana cewa wannan ita ce kyamara, ya jawo littafi yana rubutu.

Kawu ya yi gyaran murya. "Dubawa nike ko ta gasu. In ba a duba ba, ta ƙone, wa za a zarga?"

"Ta gasu, Yaya?"

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce, ya sa kai ya fita.

Washegari saura gwajin haske a kan ruwa, kuma kwalekwalen Kawu kaɗai muke da shi. Ya ɗauke mu ba ko ɗaure fuska, har yana yi wa abokina nunin tsibirai. Da rana ta take, ya tsaya a wani wuri mai ruwa iya ƙirji, ya ce a nan ƙyallin ya fi ƙarfi, amma mai riƙe allo sai ya sauka, in ba haka ba jirgi zai yi rawa. Abokina ya ce gaskiya ne. Na tuɓe riga na sauka, allo a saman kai, ƙafafuna cikin laka.

Duk sanda abokina ya ce an gama, sai Kawu ya leƙa ɗan gilashin kyamarar ya girgiza kai. "Anya? Ni dai na ga yashi-yashi. A sake." Sau shida aka sake. Ƙananan kifaye suna ta tsakurar cinyata, wuyana ya ƙage, su biyu suna zaune ƙarƙashin lema suna shawarar launin fuskata.

Da suka jawo ni cikin jirgi ina rawar ɗari, Kawu ya miƙo mini malafarsa, ya tada inji muka nufi gida.