Katangar Bakin Kwata

Maigidana magini ne, amma na gyara: inda bango ya tsage, inda daɓe ya fashe, inda kwano ke yoyo. Zaman kansa yake yi, ba ya ƙarƙashin kowa.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, gab da damina, wani Alhaji mai gidan haya a unguwarmu Nima ya sa shi ƙara tsawon katangarsa ta bakin babbar kwata. Maigidana ya ce a tona sabon tushe. Alhaji ya ce a ɗora kan tsohon. Ya ɗora.

Ranar da aka yi ruwan farko, ya dawo ya kasa cin tuwo.

"Ta tsage," ya ce mini. "Kamar zare."

Bayan kwana uku, yatsa na shiga tsagar. A gindin katangar nan kuwa mata ke sayar da koko da ƙosai, wasu da goyo.

Na matsa masa ya je unguwar Lagos Town, nan kusa da mu, wajen wani ɗan garinmu, akawu a kamfanin inshora, ko za a yi wa aikin takarda. Akawun ya saurare shi, ya girgiza kai.

"Yaya, masu shago da rajista muke yi wa takarda. Kuma ba a yi wa abin da ya riga ya tsage. In ta danne mutum, kai za a kama."

Maigidana ya koma wajen Alhaji. "Baba Alhaji, a rushe ta."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Alhaji.

Matan ma suka ƙi tashi, wai nan masu saye suka san su. Kullum da safe sai in je sayen kokon da ba na bukata, in saci kallon katangar. Tana sunkuyowa.

Wata Laraba da hantsi, hadari ya haɗo daga wajen teku, gari ya yi tsit. Maigidana ya ɗauki guduma ya fita. Na bi shi. Ya janye teburan matan da hannunsa suna zaginsa da Hausa da yaren Ga. A bugu na uku katangar ta zube gaba ɗaya, daidai inda suke zama.

Alhaji ya baza cewa aikinsa ba albarka. Har damina ta wuce ba wanda ya kira shi gyara a Nima. Da rani muka kwashe kayanmu zuwa unguwar Kawukudi, inda ba a san shi ba.